Me ya sa Royal Exchange ta Landan ta yi kama da ginin Romawa?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wurin kasuwanci ya yi kama da haikalin Romawa. Da gangan aka yi shi haka. Gobara ta cinye tsohon ginin a 1838, sai masanin zanen gine-gine William Tite ya zana sabo, Sarauniya Victoria ta buɗe shi a 1844. Ginshiƙai takwas ɗin gaba daga tsohon haikalin Pantheon na birnin Rum aka kwaikwayo su. Ɗaga kai ka dubi kawunansu, ganyaye ne aka sassaƙa a dutse, salon Korinti, aikin da ni dai yake burge ni ƙwarai. 'Yan kasuwa sun so ginin ya nuna ƙarfi da amana. Yau shaguna ne a ciki, amma doka ta kare shi, ko taga ba a sauyawa sai da izini.