Kwikwiyona zai yi gadi in ya saba da mutane? Kuma yaushe zai fara bina gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matashi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa. Na karɓo kwikwiyo wajen wani mafarauci don ya riƙa yi mana gadin awaki, yanzu makonsa 9 da haihuwa. Abokaina sun ce in kulle shi a ɗaki mai duhu, kar ya ga kowa sai ni, in riƙa zuba masa barkono a abinci, wai sai ya fi zafi. Yayana kuma da ke karatu a Ingila ya ce can har gidan reno ake kai karnuka da rana don su saba da juna da mutane. Wanne zan bi? Na biyu, ina gudu, ina tuƙa keke, ina iyo a kogi, burina wata rana in kammala gasar nan ta Ironman da nake gani a waya. Zan iya fara fita gudu da karen?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi da ka yi tambayar nan yanzu, kwikwiyon yana mako 9, domin da ka bari ya kai wata shida, da rabin abin da zan faɗa maka ya wuce lokacinsa.

Don Allah kar ka kulle shi a duhu, kar kuma ka ba shi barkono. Barkono zawo da ciwon ciki kawai zai sa masa. Kullen kuwa shi ne babbar ɓarnar, ga kuma dalili. Ƙwaƙwalwar kare tana da wani ɗan lokaci, daga mako 3 da haihuwa zuwa wajen mako 12 ko 14, wanda duk abin da ya gani ya kuma rabu da shi lafiya yake ɗauka a matsayin abin duniya na yau da kullum. In wannan lokaci ya wuce, sabon abu tsoro yake ba shi kafin komai. An gwada wannan a Amurka, a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine, inda wasu masana biyu, Scott da Fuller, suka shafe shekaru suna nazarin halin karnuka, suka fitar da sakamakon a 1965. A wani gwaji na wannan cibiya da aka buga a 1961, 'yan kwikwiyon da aka bari a fili da uwarsu ba tare da cuɗanya da mutum ba har mako 14 sun tashi suna gudun mutane, horo ma bai gyara su sosai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa abin da ya rage maka bai wuce mako uku zuwa biyar ba.

Abokanka suna ganin karen da aka kulle yana yayyaga sarƙa yana kumfar baki sai su ce jarumi ne. A matsorace yake. Kare matsoraci bai san bambancin ɓarawon akuya da almajirin da ya yi sallama a ƙofar gida ba, duka baƙi ne a wurinsa, duka abin tsoro. Ranar da ya tsinke, wanda zai fara cimma shi ne yaron maƙwabta da ya shigo ɗaukar garwashi, domin ɓarawo da sanda yake zuwa, yaro kuwa hannu rabbana. Karen da ya san mutanen gida da na unguwa, ya san tafiyar kowa da ƙamshinsa, shi ne yake gane cewa wanda ya haura katanga ƙarfe biyun dare ba na nan ba ne. Aikin da kake so ya yi maka shi ne ya yi haushi ya tashe ka. Wannan kuma ba koya masa za ka yi ba, da kansa zai fara in ya tasa, yawanci bayan wata shida zuwa shekara, lokacin da ya ɗauki gidan a matsayin nasa.

Maganar yayanka gaskiya ce. A can mutum zai fita aiki tun safe ya bar kare shi kaɗai a bene, ba tsakar gida, ba dabbobi, ba yara, shi ya sa suke biya a riƙe musu da rana. Masu gidajen renon suna duba katin rigakafi, su gwada halin kare kafin su karɓe shi, su raba manya da ƙanana. A Ingila ma tun 2018 doka ta ce sai ƙaramar hukuma ta ba su lasisi. To amma abin da suke saye da kuɗi kai yana ƙofar gidanka kyauta: awaki, kaji, jaki, amalanken shanu, ƙarar injin niƙa, babur, mai tallar fura, tsoho mai sanda, mata masu dogon hijabi, yara masu ihu. Saura ka san yadda za ka nuna masa su.

Kullum ka ɗauke shi ka kai shi ga abu ɗaya ko biyu sababbi, na ɗan mintuna kaɗan. Ka tsaya daga nesa tukuna. In za ka nuna masa injin niƙa, tsaya can inda ƙarar ba ta da ƙarfi, ka ba shi ɗan guntun nama ko busasshen kifi, ka yi masa magana a hankali. Gobe ka ɗan matsa. Ka lura da jikinsa, domin jikin ne yake gaya maka komai. In ka ga ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa baya, yana lashe baki alhali bai ci komai ba, yana hamma ba barci yake ji ba, yana kau da kai, to abin ya yi masa yawa, ja da baya. In wutsiya a sake take, yana miƙa hanci yana shinshina, bar shi ya matsa da ƙafarsa. Kar a ja shi, kar yara su kewaye shi kowa na miƙo hannu. Yaro ɗaya ya tsuguna, ya miƙa abinci a tafin hannu, kwikwiyon ya zo da kansa. A wannan ƙuruciyar tasa firgita ɗaya mai tsanani tana iya zama a ransa har tsufa, saboda haka ka ja wa yaran unguwa kunne a kan jifa. Jifan kare wasa ne a wurinsu, amma shi yake haifar da karnuka masu bin yara da cizo.

In ya yi gurnani kar ka doke shi. Gurnani gargaɗi ne, cewa yake na takura. Karen da aka daka saboda gurnani yakan daina gurnanin ya koma cizo ba sanarwa. Cizon wasa da yake yi yanzu da haƙoran nono kuwa, da ya kama hannunka ka janye ka bar wasan na ɗan lokaci, ka ba shi tsumma ko igiya ya ciza.

Batun awaki yana son kulawa ta musamman tunda wajen mafarauci ka karɓo shi, bin abu mai gudu a jininsa yake. Karnukan da ake rainonsu don gadin garke tun suna ƙanana ake sa su cikin dabbobin, su kwana tare su tashi tare. Haka ake yi a Namibiya, inda tun 1994 wata ƙungiyar kare namun daji take raba wa makiyaya irin karnukan Turkiyya masu gadin garke. Naka ba irinsu ba ne, amma dabarar za ta yi maka aiki. Yi masa makwanci kusa da turken awakin, da shinge tsakani don kar uwar garke ta tunkuye shi. Ka riƙa shiga da shi da igiya a wuya lokacin ba su dusa. Ya zauna lafiya, ka ba shi lada. Ya zabura zai bi ɗan akuya ko kaza, ka tsayar da shi nan take ka fitar da shi. Kar ka bari ya ɗanɗana daɗin kora ko sau ɗaya.

Sai dai akwai haɗari a fitar da shi yanzu, domin rigakafinsa bai cika ba. Cutar zawon jini ta 'yan kwikwiyo, wadda likitoci ke kira fabo, tana kisa cikin kwanaki kaɗan, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa inda kare mai cutar ya yi kashi. Don haka ka riƙa ɗaukarsa a hannu a kan hanya, ka nisanta shi da juji da mahauta da duk inda karnukan gari ke taruwa. In zai yi wasa da kare, ya zama babban kare mai haƙuri wanda ka san mai shi, ka kuma san an yi masa allura. Cikin makon nan ka kai shi asibitin dabbobi a fara masa allurar haɗin nan mai ba da kariya daga fabo da sauran cututtuka, ana maimaita ta duk mako uku zuwa huɗu har ya kai mako 16, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba masa kaska. Da ya cika wata uku a yi masa ta haukan kare, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wannan ba ta da sassauci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe wajen mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Gudu kuma ka dakata. Ƙasusuwan kwikwiyo suna da wani guringuntsi a bakin gaɓoɓi inda tsawo ke fitowa, ba ya rufewa sai wajen shekara ɗaya, a manyan karnuka har shekara ɗaya da rabi. Dogon gudu kafin nan yana iya jawo masa ciwon gaɓoɓi. Wasan da yake yi a tsakar gida, ya yi gudu ya tsaya in ya ga dama, ya ishe shi. Abin da za ka koya masa yanzu shi ne tafiya gefenka da igiya ba ja, da dawowa in ka kira sunansa. In ya shekara, ku fara da kilomita biyu, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ko ya girma, zafi ne abin tsoronka. Kare yana da juriya ta ban mamaki, a Alaska karnuka suna jan keken ƙanƙara wajen kilomita 1,600 a gasa ɗaya, amma cikin tsananin sanyi ne. Kai gumi kake yi ta duk jiki, shi kuwa haki ne kusan kaɗai hanyarsa ta fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 kayan ciki sun fara lalacewa. A bazara, watan Afrilu da Mayu, ka san yadda garinmu yake wuce digiri 40. Kuma kare ba zai ce maka ya gaji ba, zai yi ta binka har ya faɗi. Ku fita bayan sallar asuba kawai, ka tafi da ruwansa. Rairayin da ba za ka iya taka shi ba takalmi ba, shi ma zai ƙona masa dagi. In kun dawo ka buɗa tsakanin yatsunsa ka cire ƙarangiya da ƙaya. In ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi ya yi ja wur, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka kwarara masa ruwa a duk jiki kana yi masa fifita, sannan ka nemi likita ko da ya farfaɗo. Keke kuwa kar ka bari ya bi ka a doguwar tafiya, balle a kan kwalta.

Burinka na Ironman ya burge ni, kuma ba a shiga gasar da kare, atisaye ne kawai za ku yi tare. Ka san girman abin: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, duka a jere, yawanci cikin awa 17. An fara ta a Hawai a 1978 da mutum 15, 12 suka kammala. A nahiyarmu ana yin ta a Afirka ta Kudu. Matakala gare ta. Akwai ƙarama mai iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Akwai ta Olamfik, wadda ta shiga wasannin a Sidni a 2000, mai kilomita 1.5 da 40 da 10. Akwai rabin Ironman, 1.9 da 90 da 21.1. Hawa su ɗaya bayan ɗaya aikin shekaru ne. Gudun fanfalaki na Legas da ake yi tun 2016 wuri ne mai kyau da za ka gwada ƙafarka. Abin da ya fi kayar da mutane a doguwar gasa shi ne fara ta da zafi da kuma rashin ci da sha a kan keke, sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsu a gudun ƙarshe. Ka riƙa sauka daga keke ka zarce da gudu ko na minti goma ne, ƙafafunka su saba da nauyin nan da ake ji. Dabino da ruwa mai ɗan gishiri da sukari sun isa guzurin atisaye.

Iyon ne ya fi damuna. Ruwan kogin Haɗeja da fadamunsa da kududdufai suna da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, tsutsar kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Tana rage jini, mai ƙarancin jini kuwa ba ya dogon gudu. Ni likitan dabbobi ne, wannan na likitan mutane ne: je asibiti a gwada fitsarinka ko da ba ka ga jini ba, akwai maganinta, ka kuma faɗa musu irin motsa jikin da kake yi su auna zuciyarka da jininka. In kana shiga Kano ko Dutse ka nemi wurin iyo na gini mai maganin ruwa, can ne za ka gyara salon hannunka. Kada ka shiga kogi kai kaɗai, da damina kuwa in ya kawo ka haƙura da shi gaba ɗaya.

Ka rubuto mini bayan an yi masa allura ta biyu, ka gaya mini abin da ya fi tsoro cikin abubuwan da ka nuna masa, sai mu ga yadda za a bi da shi. Allah ya ba da sa'a.