Ratsa makiyayar mutane a ƙauyen Ingila: ko doka ta yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Shefil ya gayyace ni ziyara a watan Mayu, kuma ya ce zai kai ni wani ƙauye mai suna Castleton, mu zaga tuddan da ke kewaye da shi da ƙafa. Da na duba hotunan, sai na ga hanyar ta ratsa ta cikin makiyayar tumakin mutane. Ni da na tashi a Filato na san abin da shiga gonar wani ke jawowa. Shin doka ta yarda, kuma mai shekara 62 zai iya hawan?
Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Doka ta yarda, muddin ba ka kauce daga turbar da aka ware ba. Ka ɗauke ta tamkar burtali, sai dai wannan na mutane ne: ƙasar ta mai gona ce, amma ba shi da ikon toshe turbar, kuma za ka gane ta da alamar kibiya mai ruwan ɗorawa da ake mannawa a jikin turaku. Shi kuwa 'yancin yawo a kan tuddan, ba a banza aka same shi ba. A shekarar 1932 ɗaruruwan mutane suka hau tudun Kinder Scout, wanda ba shi da nisa da ƙauyen, ba tare da izinin masu ƙasar ba, har aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 yankin, wato Peak District, ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, sannan wata doka ta shekarar 2000 ta buɗe tuddai da yawa ga masu tafiya da ƙafa.

Ladabin wurin kaɗan ne. Idan ka iske ƙyauren shinge a rufe, ka mayar da shi bayan ka wuce. Idan a buɗe yake, ka bar shi haka, domin mai yiwuwa makiyayin ne ya buɗe wa dabbobinsa hanyar ruwa. Inda babu ƙyaure, za ka ga 'yar matakala ta dutse ko katako a jikin katanga, ta nan ake tsallakawa. A watan Mayu 'yan raguna na bin iyayensu, don haka kada ka kusance su.

Batun tsayi kuwa, ba zai razana mutumin Jos ba. Ƙololuwar Mam Tor, tudun da ya fi shahara a wurin, mita 517 ce daga matakin teku, alhali garin Jos kansa yana kan kimanin mita 1,200. An shimfiɗa duwatsu a kan turbar da ta bi doron tudun zuwa wata mahaɗar turbobi mai suna Hollins Cross, kuma idan gwiwa ta fara ƙorafi, daga nan akwai gangara zuwa ƙauyen. Ka roƙi ɗanka ku bi ta tsohuwar kwaltar da ke gindin tudun, wadda zaizayar ƙasa ta karairaya kamar busasshen gurasa har hukuma ta haƙura da gyaranta a 1979. A ganina ta fi kogwannin ƙarƙashin ƙasa na yankin, waɗanda 'yan yawon buɗe ido ke wa layi, ban mamaki.

Abin da nake jiye maka shi ne iska da ruwa, domin a can sama kan daidaita da safe, kafin azahar ta ɓaci, kuma babu bishiyar fakewa a doron tudun. Ka tanadi rigar ruwa, da rigar sanyi, da takalmi mai kama ƙasa, ka bar babbar riga a masauki. Ku riƙe guzuri da gorar ruwan alwala, kuma ba sai kun yi gaggawar La'asar ba, tunda a watan rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas da rabi.