Amsa ga mai tambayar inda zai kai tarkacen tsohon gida

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kun rushe gidan gado a wajen Dawakin Kudu, tarkace ya taru tifa tifa, kana tambaya ko a kwashe gaba ɗaya a kai babbar bola ta cikin gari. Na jima ina aikin tifa, shawarata kar ka loda komai sai ka rarraba, in ba haka ba kuɗin gas kaɗai zai ƙarar da kai a kan abin da wasu ke nema ido rufe.

Ƙasar tsohon gini da toka da kashin awaki ai ba shara ba ce, taki ne, tun zamanin kakanni ake ɗaukar takin birni a mangala a kai gonakin karkara kuma har gobe manoma na saye da rani, ka yi wa masu gona kusa da kai magana za su kwashe da kura. Baraguzan bulo kuma ka sami mai unguwa ya nuna maka hanyar da ruwa ya zaizaye, amma don Allah kar a cike kududdufin da ruwan unguwa ke sauka, shi ke jawo ambaliya a watan Agusta. Kwano da rodi da robobi, ƴan jari-bola za su zo da sikelinsu har su biya ka.

Abin da ya rage, leda, tsumma, tsohuwar katifa, fasassun kwalabe, batir, wannan shi ne na bola. Ledar nan ce ta fi damuna wallahi, akuya ko sa ya ci ta taru a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har a yanka. Kar ka ƙona kuma, hayaƙin na cutar da yara da masu asma.

Kafin ka ɗauki mota ka leƙa wajen duba-gari a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, su faɗa maka wurin da aka yarda a zuba yanzu. A rufe kayan da tamfol, a tafi da sassafe, kuma a gama kafin ruwa ya sauka don hanyar cikin bola taɓo ce, tifa na kafewa. Sannan ka sa yaronka ya hau motar, kar ka cika wa direba kuɗi sai ya dawo, akwai masu juyewa a bakin gonar mutane su ce sun kai.