Hukuncin barin wuta a kunne a gidan da babu mita

Tambaya: Malam, a gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya ba mu da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo mana duk wata, ko mun sha wuta da yawa ko kaɗan. Shin akwai laifi idan muka bar ƙwayaye da fanka a kunne babu mai amfani da su, tunda kuɗin ba ya raguwa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Barin wuta tana ci babu buƙata tozarta dukiya ne, kuma rashin mita bai sauya hukuncin ba. Allah Maɗaukakin Sarki ya hana israfi a Suratul A'araf, aya ta 31. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwa uku da Allah ya ƙi mana, kuma lafazin hadisin bai keɓe dukiyar da ke fita daga aljihunka kaɗai ba.

Mafi yawan wutar ƙasar nan sai an ƙona iskar gas ake samunta, ragowar kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro, saboda haka ƙwan da aka bari a ɗakin da babu kowa yana cin arzikin jama'a ko da ba a rubuta shi a takardarku ba. Sannan taransifoma ɗaya kuke sha da maƙwabta. Idan nauyi ya yi masa yawa wutar takan raunana, wani lokaci ya ƙone, unguwa ta koma ga janareto da hayaƙinsa, ga fetur da ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. A nan ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa", wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, ta shafe ku kai tsaye.

Wasu suna kafa hujja da hadisin da ya yi umarni da kashe fitilu lokacin kwanciya. Hadisin ingantacce ne, sai dai dalilin umarnin shi ne tsoron gobara, don haka a ganina hadisin tozarta dukiya ya fi ƙarfi a wannan mas'ala.

Abin da na rinjayar shi ne: wanda ya manta babu zunubi a kansa, wanda ya yi sakaci da abu kaɗan ya yi makaruhi, wanda kuwa ya mayar da ɓarnar al'ada da gangan har ta kai ga cutar da maƙwabta ya faɗa haram. Ƙwan ƙofar gida domin tsaro, da firiji, da fankar da aka bar wa yara ko maras lafiya a zafin bazara duk buƙata ce, ba israfi ba.

Sauya tsohon ƙwai mai wat 60 da na LED mai kimanin wat 9, wanda haskensu kusan ɗaya ne, abu ne mai kyau. Sanya sola mustahabbi ne ga mai hali, amma bai halatta a ci bashin riba dominsa ba. Allah ne mafi sani.