Sabar ta ƙi karɓar makullin SSH bayan chmod 777

Malam, ka ce tun da ka yi chmod -R 777 (umarnin da ke ba kowa izinin karantawa da rubutu) a babban folda ɗinka na home, SSH (hanyar shiga sabar daga nesa) ya daina karɓar makullinka, yana ta neman kalmar sirri. Makullin lafiyarsa ƙalau. OpenSSH, manhajar SSH ɗin, na da tsari mai suna StrictModes, a kunne yake tun asali. Muddin wani ba kai ba zai iya rubutu a folda ɗinka ko a .ssh, sai ya yi watsi da authorized_keys, fayil ɗin makullan da aka yarda su shiga, domin kowa na iya cusa nasa makullin a ciki.

Idan kana da wata tagar SSH da ke buɗe a sabar, don Allah kada ka rufe ta. Daga nan ka gyara: chmod 755 ga babban folda, 700 ga .ssh, 600 ga authorized_keys. Ka duba da ls -la cewa kai ne mai su, ba root (babban mai iko a sabar) ba. In ba haka ba, ka mayar da su hannunka da umarnin chown.

Dalilin ƙin yana rubuce a /var/log/auth.log a Ubuntu, ko /var/log/secure a Red Hat. Za ka ga "bad ownership or modes". Ban ba ka shawarar kashe StrictModes ba ko kaɗan.