Ku Tambayi Baba: Ina Za Mu Ji Kiɗan Asali a Kaduna?

Wasiƙu uku na ware a wannan watan, domin duk a kan kiɗa suke. Masu tambaya kan wasu al'amura su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na yi shekara biyu ina karatu a Jamus. A garin da na zauna akwai wani zaure na musamman da ake zuwa sauraron kiɗan mutanen da, wanda suke kira kilasik. Makaɗa sun fi sittin, kowa da abin kiɗansa, jama'a kuwa zaune tsit har a gama. Wata shida ke nan da dawowata, kuma ina kewar abin ƙwarai. Shin akwai irinsa a Kaduna? Mu ma muna da namu, ko kuwa sai abin da ake sawa a waya?
Daga wani matashi, Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana, barka da dawowa. Muna da namu, kuma yana nan da ransa. Sai dai ba a zaure yake zaune ba, ba a kuma sayar masa da tikiti, shi ya sa ka yi wata shida ba ku haɗu ba.

Dubi abin da ya ba nasu daraja. Ya daɗe, ana koyonsa shekara da shekaru a hannun gwani, yana da ƙa'idar da ba a ƙetarewa, kuma a gidajen sarakuna da majami'u ya girma. Ɗauki wannan mudu ka auna kiɗan fada da shi, za ka ga ya cika har ya yi tozo. Mai kotso ba ya wayar gari ya zama mai kotso. Tun yana yaro yake ɗaukar kaya, daga nan ya shiga sahun 'yan amshi, ya yi shekaru yana karɓi kafin a yarda ya ja waƙa da kansa.

Abin da ya sa ba ka cin karo da su a titin Kaduna, tarihin garin ne. A 1917 aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka kawo nan, garin ya tashi da ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da akawuna, daga baya ma'aikatan masaƙun Kakuri suka ƙaru. Ba mu da tsohuwar ƙofar fada irin ta Zariya ko Katsina, shi kuwa makaɗin fada inda ubangidansa yake nan yake. Saboda haka baƙunta kiɗan nan yake zuwa mana. Ya zo a 1956, lokacin hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila. Ya sake zuwa a 1977, lokacin hawan dabar FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, a Dandalin Murtala. Wannan na biyu na gan shi da idona, ina ɗan shekara goma sha uku, riƙe da hannun kawuna. Ƙura ta rufe mu, ba na ganin komai sai ƙafafun dawaki, amma kunnena ya sha abin da har yau bai fita ba: kowace masarauta ta doso, tun kafin a hango tutarta kawuna zai faɗi sunanta, don ya ji takenta. Ɗaya hanyar da kiɗan ya bi ya shigo mana ita ce Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962. Ta nan kotson Ɗanƙwairo da kalangun Shata da kuntigin Ɗanmaraya suka shiga ɗakunan mutanen da ba su taɓa ganinsu ba. Mu 'yan Kaduna a akwatin rediyo muka san su, wannan ne ma ya sa da yawanmu ke zaton ai a nan kaɗai ake jin irinsu.

To ga shawarata. Ka je tashar Kawo ka shiga motar Zariya, tafiyar kilomita tamanin ce ko kusa da haka. Tsohuwar al'ada ce a fadojin ƙasar Hausa masu kakaki da algaita da 'yan ganga su taru a ƙofar fada daren Juma'a, wato yammacin Alhamis, su yi wa sarki busa. Ranar Juma'a ma bayan an sauko masallaci akan ji su. Amma cikar abin sai da Sallah: Hawan Sallah, da Hawan Bariki da Hawan Daushe da ke biyo baya. Ka yi tambaya kafin ka tashi, domin akwai shekarun da akan dakatar da hawa saboda halin tsaro ko wata lalura.

In ka je, kada ka tsaya can nesa inda 'yan ɗaukar hoto ke cunkuso. Nemi inda mai algaita yake ka matsa kusa da shi. Na taɓa tsayawa dab da wani dattijo mai algaita a Zariya, har ina jin ƙamshin man da ya shafa wa fatar jikinta. Kumatunsa sun kumbura kamar ya cusa lemo biyu, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana shaƙar iska ta hanci alhali wadda ya tara a baki tana ci gaba da fita ta bututun. Na zuba ido in ga inda zai tsaya ya numfasa, bai tsaya ba. Sautin bai yanke ba ko sau ɗaya har dokin hakimin da yake yi wa busa ya wuce. Da ya sauke, sai ya goge bakin algaitar da gefen rawaninsa, ya tambayi yaronsa ruwa, kamar ba abin da ya faru. Wannan gwaninta ba ta shiga waya. Lasifika tana kawo maka ƙara, amma ba ta kawo maka yadda kakaki ke bugun ƙirjinka in an ɗaga shi sama an saki.

Kuma ka saurara da kunnen Bahaushe, domin kayan kiɗanmu magana suke yi. Harshenmu yana hawa yana sauka, mai busa da mai kiɗa kuwa wannan hawa da saukar suke bi, har wanda ya san taken ya ji kalmomin sarai. In ka samu dattijo a gefenka, ka gaishe shi ka ce, "Baba, me kakakin nan ke cewa?" Zai faɗa maka, ya ƙara maka da tarihin gidan. In kuma Allah ya haɗa ka da masu kotso ko taushi, ka lura da yadda jagora ke jefa rabin magana 'yan amshi su cafe su ƙarasa, sannan duk su koma kan gindin waƙa tare, ba wanda ya riga wani. Ba takarda a gabansu, ba mai sanda yana nuna musu.

Bambanci ɗaya da za ka tarar shi ne ba a yin tsit. Akwai guɗa, akwai sanƙira yana kirari yana shelar kyauta, akwai haniniyar doki. Duk cikin kiɗan suke. Ka tafi da ɗan abu a aljihu, domin kuɗin da ka saba biya a bakin ƙofar zaure a Jamus, a nan hannu da hannu ake miƙa shi.

Kada kuma ka tsaya a arewacin jihar kawai. Ranar 1 ga Janairu ana bikin Afan a Kagoro, a wajejen Ista kuma ana Tuk Ham a Kwoi. A can za ka ji masu busa ƙaho a ƙungiya, kowane ƙaho da muryarsa, wannan ya busa ya bar wa wancan, sai sun haɗu waƙar ke fita. Kai da ka saba jin makaɗa sittin suna saƙa abu ɗaya, ina jin wannan zai kama ka.

Tambaya: Baba ina wuni. 'Yata mai shekara goma sha ɗaya tana koyon fiyano, amma ba ta taɓa ganin ana kaɗa irin kiɗan da take koyo a fili ba, sai a intanet. Ina zan kai ta?
Daga wata malamar firamare, Barnawa.

Amsa: Lafiya lau, Malama, Allah ya raya ta. A garin nan masu riƙe da wannan fanni su ne ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u. A watan Disamba da lokacin Ista manyan majami'u kan shirya daren waƙoƙi, a raba murya kashi huɗu, biyu na mata biyu na maza, da mai fiyano yana rakiya. A irin wannan dare akan ji ɓangarori na Messiah, aikin Handel, wani mashahurin mai tsara kiɗa na Turai, wanda aka fara gabatarwa a Dablin a 1742. Mawaƙan nan ba sana'arsu ba ce. Akwai nas, akwai tela, akwai ɗalibi, da do-re-mi suke koyo bayan an tashi aiki, kuma wasunsu na kai abin inda ba ki zato.

Ni da zan ba ki zaɓi, ranar gwaji za ki kai ta kafin ranar biki. Ki nemi izinin shugaban mawaƙan ku zauna a baya. A nan za ta ga ana tsayar da mutum arba'in saboda layi ɗaya, a maimaita shi sau bakwai, sai ta gane ba ita kaɗai ke fama ba. Akwai kuma badujalar soja, musamman lokacin faretin yaye hafsoshi a makarantar horar da su da ke nan Kaduna tun 1964. Cikakken taron makaɗa da gogen Turawa manya da ƙanana kuwa, Legas ce cibiyarsa, a zauren MUSON da ke Onikan. In hutu ya kai ku can, kada ku dawo ba ku leƙa ba.

Tambaya: Salam Baba. Zan aurar da 'yata bayan Sallah. Ina so a yi mana kiɗan ƙwarya da kalangu irin na lokacin aurena, amma yaran sun ce ƙauyanci ne, DJ suke so. Kuma ban ma san inda zan samo masu yi ba. Yaya zan yi?
Daga wata Hajiya, Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Kada ki yi jayayya da yaran. Ki bar musu darensu, ke kuma ki riƙe wunin iyaye mata, ai naki ne.

Samunsu ba wuya. Kalangu tun asali kiɗan mahauta ne, saboda haka ki tura wani ya gaida Sarkin Fawan unguwarku ya tambaye shi, zai san wanda hannunsa ke faɗawa. Masu ƙwarya kuwa, tsofaffin matan da ke harkar biki da masu ƙunshi sun san su gida-gida, daga nan har Rigasa da Zariya da Funtuwa, garin marigayiya Barmani Choge. Ki yi magana da shugabar da kanki, ku yanke kuɗin mota da na sallama tun da wuri. Kada a bar su da liƙi kawai, domin yanzu taro kan watse liƙin bai kai kuɗin komawa gida ba.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki mutunta su, don na ga akasin haka kuma ya tsaya mini a rai. Shekara biyu da suka wuce na je wani biki a wani zauren taro a nan cikin gari. An gayyato wani tsoho mai kalangu da yaransa uku. Tun la'asar suke zaune a kan dakali a waje, kusa da janareto, ba wanda ya kai musu ko ruwa. Sai wajen ƙarfe tara aka kira su, aka ce minti goma gare su. Tsohon ya saƙale kalangunsa a hammata, ya matse tsarkiya, ya sa gula ya fara taken kakan ango. Wani dattijo a teburin gaba ya ɗago kai da sauri, don ya ji sunan ubansa a bakin kalangu. Bai kai ga miƙewa ba aka saki kiɗan na'ura a kansu. Tsohon bai ce uffan ba, ya rataya kayansa suka fita. Na bi shi waje na ba shi haƙuri, ya ce mini ba komai, sun saba.

Don haka ki yi naki a tsakar gida ko a rumfa, ba a zauren da ke amsa kuwwa ba. A shimfiɗa musu tabarma a tsakiya, a ba su abinci tun da suka iso. A tanadi babban baho da ruwa, domin akwai ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa, ita ke ba da wannan murya mai zurfi da ake ji a ciki, sauran ƙanana su bi ta. Makirfo ɗaya ya isa, na mai jan waƙa, ƙoren ba sa bukata. Kwana biyu kafin biki ki zauna da shugabar ki ba ta sunayen iyaye da kakanni na ɓangarorin biyu, da garuruwan da suka fito da sana'ar gidan, don ta san wanda za ta kira da abin da za ta kira shi da shi. Ki ba su awa biyu cur tsakanin la'asar da magariba, ki kuma sa wata ƙanwarki mai ido ta tsaya kusa da mai na'ura har su gama.

Amarya da ƙawayenta kuwa, kada ki tilasta musu fitowa. Ki dai bar ƙofar ɗakin a buɗe, ki kuma gaya wa shugabar sunan da kakar amarya ke kiranta da shi.