Amsa ga 'yar uwa mai tarin da ya ƙi tafiya bayan mura

Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce mura ta wuce ta bar ki da tari mako biyu ke nan, kaki ya koma kore-kore, likita ya ce burankaitis ne, wato kumburin hanyoyin iska na huhu, amma ya ƙi rubuta miki antibayotik, kina tambaya ko ki nemo da kanki ki sha. Wallahi ina karantawa sai da ƙirjina ya amsa, don ni ma abin da ya kwantar da ni ke nan. Kada ki sha. Likitan nan naki ki riƙe shi hannu bibbiyu, ni ban dace da irinsa da wuri ba.

Wanda na fara gani ko abin sauraron ƙirji bai ciro ba. Ina bayani yana danna waya, ya rubuta antibayotik ya turo min takarda. Na shanye tas, tari na nan daram, ga gudawa ta ƙaru. Na koma, ya canza min wani wai ya fi ƙarfi. Da na ce masa ba na runtsawa da dare, buɗar bakinsa sai cewa ya yi mu mata akwai raki. Raki! A daren nan zaune na kwana a bakin gado na rungume matashi, in tari ya sarƙe ni sai na yi amai, haƙarƙarina kamar an taka, har fitsari ke kuɓuce min, a nan mu mata ne ba abin ɓoyewa. Ƙaramar 'yata ta farka ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, na kasa haɗa numfashin da zan ce mata ta koma ta kwanta. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai raina ya ɓaci. Ko sannu bai ce ba fa. Na bar shi da Allah.

Wata likita ce daga baya ta saurari ƙirjina gaba da baya, ta zaunar da ni. Ta ce hanyoyin da iska ke bi ta shiga huhu ne suka kumbura suna tara majina, kuma kusan 9 cikin 10 na irin wannan ciwo, ƙwayar cutar bairas ce ke kawo shi, irin na mura. Antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, bai san da zaman bairas ba, sai dai ya lalata miki ciki ya kuma sa ranar da kike buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Koren kakin da ya tsorata ki ma ba shaidar bakteriya ba ne, ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da ciwon ne ke rina shi. Tarin kan ɗauki wajen mako 3, wasu ya ɗan zarce, ko da zazzaɓi ya daɗe da sauka. To ke kina cikin lokacinsa ne.

Ki yawaita shan ruwa, mai ɗumi ya fi min daɗi, yana sassauta kakin. Farasitamol don ciwon jiki da zazzaɓi. Ki tada kai da matasai biyu, kwanciya rigingine ita ke tayar min da shi. Cokali ɗaya na zuma kafin barci ya taimake ni, amma don Allah masu jarirai, ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya zuma ba. Haka maganin tari mai kodin, ba na yara ba ne sam, ni babba ma maye kawai ya sa ni da taurin bayan gida. In ƙirjinki na yin fito in kina numfashi ki faɗa wa likitan, ni inhela ta salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, aka ba ni na ɗan lokaci. Ƙanwar mijina har da cewa wai in na fara ba zan iya dainawa ba, na zama mai asma. Ba gaskiya ba ne, da na warke na ajiye ta.

Abin da ba na so ki yi wasa da shi: jini a kaki, numfashi na gagara ko kina zaune, suka a ƙirji in kin ja iska, ko zazzaɓi mai zafi da ya wuce kwana 3 ko ya sauka ya dawo. Wannan kada ki jira gari ya waye, yana iya zama nimoniya, ita ce ake wa hoton ƙirji kuma ita antibayotik ke wa aiki. In kuma akwai gumin dare da rama da rashin cin abinci, ki nemi a yi miki gwajin kaki na tarin fuka. Ba abin kunya ba ne, ni ma an yi min, ya fito babu, hankalina ya kwanta.

Ba ki faɗa mana ba, akwai mai shan sigari a gidan? Ko kina aiki cikin hayaƙi ko ƙura? Ina tambaya ne don akwai nau'in burankaitis da ke zama wa mutum, wanda za ki ga tari da kaki na wata 3 a shekara, shekara 2 a jere. Shi ba ya tafiya da kansa, galibi taba ke jawo shi, kuma sai an sa mutum ya hura iska a na'ura a auna huhunsa. Mahaifina da shi ya ƙare rayuwarsa, Allah Ya jiƙan shi, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya huta a hanya. Shi ya sa ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kan sigari a inda nake, ko baƙo ne ya fita waje.

In mako na uku ya cika ba ki ga sauƙi ko kaɗan ba, ki koma wa likitan nan dai naki. Kuma ki dawo ki gaya mana yadda ake ciki.